Tarihin Gyaran Ƙwayoyin Gado a Garkuwar Jiki don Nazarin Cututtukan Bakteriya

Da yawa na ɗora mafarin wannan fanni a 2012, shekarar da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa almakashin CRISPR-Cas9 na yanke DNA a duk inda aka nufa da shi. A nan aka ƙera makamin, amma sai a 2015 aikinsa a ƙwayoyin garkuwar jiki ya kankama, kuma daga nan ya dace a fara ƙirga.

Jinkirin yana da dalili. Ƙwayoyin garkuwa irin su makirofaj, masu haɗiye bakteriya, kan ɗauki baƙon DNA a matsayin mahari, don haka shigar musu da almakashin yana da wuya. A 2014 ɗakin binciken Feng Zhang a Amurka ya samar da ɓerayen da ake haifa ɗauke da Cas9, sai hanya ta buɗe.

Dabarar ita ce a tara miliyoyin ƙwayoyi, a kashe ƙwayar gado guda a kowacce, a zuba musu bakteriya ko gubarta, sannan a duba waɗanda suka tsira ko suka kasa mayar da martani. A 2015 tawagar Aviv Regev da Nir Hacohen ta Cibiyar Broad ta yi haka da ƙwayoyin ɓargon ɓera, ta gano masu sarrafa martaninsu ga gubar bakteriya ta LPS. A shekarar nan dai, tawagar Feng Shao a birnin Beijin ta tace makirofaj ɗin ɓera, ta gano furotin gasdermin D, wanda ke sa ƙwayar da ta kamu ta fashe don faɗakar da maƙwabtanta. Tawagar Vishva Dixit ta kai ga furotin ɗin a lokaci guda ta wata hanya dabam, don haka yabon nasu ne su biyu.

A 2019 aka gwada dabarar a ƙwayoyin ɗan Adam: da bakteriyar Salmonella a Cibiyar Sanger ta Ingila, da ta Legionella a Jami'ar Stanford. A 2021 tawagar Carl Nathan a New York ta nuna cewa saƙon garkuwa na intaferon nau'i na ɗaya na da hannu a mutuwar makirofaj da ƙwayar tarin fuka ta shiga. Yawancin waɗannan ayyuka an yi su ne da ƙwayoyin ɓera ko na cutar daji da ake renon su a kwano, kuma jikin majinyaci ya fi kwano sarƙaƙiya nesa ba kusa ba.