Tarihin Lissafin Dogayen Layukan Lantarki

Wannan fanni yana bin diddigin yadda wuta ko saƙo ke tafiya a cikin doguwar waya, da abin da ke samunsa a hanya. Wayar tangaraho ce ta haife shi. A 1858 aka shimfiɗa waya ta farko a ƙarƙashin Tekun Atlantika, saƙo yana isa a dagule, kuma cikin 'yan makonni ta mutu. Daga baya Oliver Heaviside na Ingila ya fitar da ƙa'idojin da har yau ake kira lissafin tangaraho.

Ana iya warware ƙa'idojin nan da alƙalami muddin layi na da hali ɗaya: a ninka ƙarfin wuta, sakamako ya ninka. Sai dai kayan aiki ba su san wannan zance ba. Ƙarfen cikin taransifoma yakan ƙoshi da maganaɗisu ya daina amsawa daidai. Na'urar kare tsawa kuwa toshe hanya take yi, sai ƙarfi ya haura wani mataki ta buɗe baki ɗaya. A nan alƙalami ya gaza.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Louis Bergeron, injiniyan ruwa ɗan Faransa, ya tsara dabarar bin bugun da ke kai da komo a bututu idan an rufe famfo kwatsam. Hermann Dommel ya ɗora ta a kan kwamfuta, ya wallafa aikin a 1969, wanda ya zama manhajar EMTP a hukumar lantarki ta Bonneville a Amurka. Kwamfuta na yanka lokaci gutsi-gutsi, ƙasa da ƙiftawar ido nesa ba kusa ba. A kowane gutsure ta yi kintace, ta gwada, ta gyara, har lissafi ya zauna. Manhajar SPICE ta Jami'ar Berkeley, ta 1973, ta yi wa ƙananan da'irori irin wannan aiki.

Alal misali, a arewacin Benin, layin kilobolt 161 na hukumar lantarki ta CEB, wadda Benin da Togo suka kafa a 1968, ya taso daga Kara ta Togo ya bi ta Djougou, tsohon zangon fataken goro masu zuwa Gwanja, ya isa Parakou. Dogon layi irin wannan, in masu jan wuta sun yi kaɗan, ƙarfinta yakan hau a ƙarshensa, ga kuma tsawar damina. Da wannan lissafi injiniyoyi ke tantance girman na'urar kariya tun kafin a kafa turke ko ɗaya.