Daga Gigin Tsufa zuwa Cutar Mantuwa: Tarihin Suna da Kulawa



Wataƙila wani zai yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga batun da ya fi dacewa da likitoci. Hujjata ita ce, tarihin wannan cuta ya rataya ne a kan suna. Idan tsoho ya soma manta sunayen 'ya'yansa, ko ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ko ya fita ya kasa gane hanyar gida, Bahaushe yakan ce gigin tsufa ne. Wannan suna kuwa ya riga ya yanke hukunci, watau abin tsufa ne kurum, tsufa kuma ba a kai shi asibiti. Haka Turawa ma suka ɗauki al'amarin ƙarni bayan ƙarni.

Ran 25 ga watan Nuwamba 1901 aka kai wata mata mai suna Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a ƙasar Jamus. Shekarunta 51, ba ta isa a kira ta tsohuwa ba, amma ga mantuwa, ga zargin mutane, ga ɗimuwa. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya riƙa rubuta tambayoyinsa da amsoshinta dalla-dalla. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuɗin jiyya kuma suka yi masa nauyi, har ya so ya mayar da ita wuri mai rahusa. Ashe tun daga mai cutar ta farko da aka sani, tambayar wa zai ɗauki nauyi ta riga ta taso.

Da matar ta rasu cikin Afrilu 1906, Alzheimer ya binciki ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyinta, da zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu. Cikin Nuwamba na shekarar ya bayyana wannan a taron likitoci a Tübingen, amma ba wanda ya kula. A 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya raɗa wa cutar sunan Alzheimer. Sai dai an ɗauke ta cutar 'yan tsiraru masu matsakaicin shekaru, aka bar tsofaffi da gigin tsufansu.

Fiye da shekara hamsin aka yi a haka. A 1968 Blessed da Tomlinson da Roth na Newcastle a Ingila suka nuna cewa gwargwadon yawan dunƙule-dunƙulen nan a ƙwaƙwalwar tsoho, gwargwadon tsananin ruɗewarsa. A 1976 Robert Katzman na Amurka ya kafa hujja cewa yawancin abin da ake kira ruɗewar tsufa cutar Alzheimer ce. Da suna ya sake, sai iyalai suka sami bakin magana: aka kafa ƙungiyarsu ta Ingila a 1979, ta Amurka a 1980.

To, amma samun suna daban, samun kulawa daban. Jamus ta fara inshorar kula da gajiyayyu a 1995, sai dai ma'auninta ya fi duban raunin jiki. Wanda ƙafarsa lafiya lau amma bai san gidansa ba, bai sami cikakken rabo ba sai da gyaran 2017. Japan ta fara tata a 2000, kana a 2004 ta soke tsohon sunan cutar, wanda ke da ma'anar wauta. A Ingila, dokar kulawa ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta auna bukatun mai lalura da na mai jiyyarsa, ko da yake wanda ke da dukiya shi zai biya daga aljihunsa.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. Binciken da aka wallafa a 1995 ya sami cutar mantuwa kowace iri ga kashi 2.29 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, da kashi 8.24 ga baƙar fata na Indianapolis a Amurka. Adadinmu ya fi ƙanƙanta, amma tsofaffinmu ƙaruwa suke yi, 'ya'ya kuma sun watsu neman abinci, nauyin jiyya duk ya koma kan 'ya ɗaya ko suruka ɗaya.

Darasin wannan tarihi a fili yake. Muddin muna cewa gigin tsufa, ba za mu kai tsoho ga likita ba, alhali akwai mantuwar da ke warkewa, kamar wadda ƙarancin bitamin B12 ko ciwon damuwa ke haddasawa. Wadda ba ta warkewa kuwa, saninta yakan hana a kira tsohuwa mayya ko mahaukaciya, ya sa dangi su raba jiyya, ya kuma ba su hujjar neman hakkinsu ga hukuma, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sunan da muka zaɓa a yau, da shi za a kira mu idan Allah ya ja kwananmu.