Daga Fataucin Gwanja Zuwa Korar Baƙi: Tarihin Masu Neman Arziki Tsakanin Ƙasar Hausa da Ghana

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma duk da wannan gargaɗi, ƙalilan ne daga cikin al'ummomin Afirka ta Yamma suka kai su yawan barin gida domin neman abin kai. Daga cikin hanyoyin da suka bi, babu wadda ta fi daɗewa da cika da darasi kamar hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da yankin da ake kira Ghana a yau. A kan wannan hanya aka yi arziki, aka kafa unguwanni, aka haifi zuri'a. A kanta kuma aka kori dubban ɗaruruwan mutane har sau biyu cikin shekara goma sha huɗu, sau ɗaya daga can, sau ɗaya daga nan.

Goro ne mafarin lamarin. Bishiyarsa ba ta son busasshiyar ƙasa, don haka mafi kyawunsa yana fitowa ne daga kurmin Ashanti, alhali masu cinsa suna Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, su ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, har su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar kan ci watanni. Sukan kai kanwa da riguna da kayan fata da dabbobi, su komo da goro a kan jakuna. Akwai kuma bayi cikin hajar da ake ciniki a kasuwar Salaga, kuma wannan ɓangare ne na tarihin da bai kamata a rufe ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci.

Inda ayari ya yada zango, sannu a hankali nan gari ke tsirowa. Wani ya tsaya ya zama fatoma mai saukar da baƙi, wani ya zama dillali, wani ya buɗe makarantar allo. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ta wannan hanya ya isa Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa garin a 1892, fatake da malamai suka watsu zuwa wasu garuruwa, shi kuma ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Kalmar zango, wadda asalinta masaukin ayari ne, ta haka ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi a kusan kowane babban gari na Ghana.

Zuwan Turawa ya sauya irin aikin da ke jan mutane. Kyaftin John Glover ya kafa rundunar 'yan sandan Hausawa a Ikko a 1863, aka kai su yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, wasu kuma suka zauna can bayan an sallame su. Sai koko ya shigo. Kafin 1911 ta ƙare, Gold Coast, kamar yadda Ingilishi ke kiran ƙasar, ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Gonakin koko suna buƙatar hannu, haka ma ramukan zinariya na Tarkwa da Obuasi, da aikin layin dogo, da tashar jiragen ruwa ta Takoradi da aka buɗe a 1928. Daga yankunan da Faransa ke mulka, musamman Nijar da Upper Volta, samari suka riƙa kwarara kudu, suna guje wa harajin kai da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Da yawa 'yan ci-rani ne: su tafi bayan kaka, su yi dako ko leburanci, su komo kafin saukar damina da kuɗin haraji da na aure. Wasu kuwa tafiyar ke nan.

Alamun wannan cuɗanya suna nan a bakin mutanen Ghana har gobe. Waakye da ake ci a titunan Accra daga wake sunansa ya fito, tuo zaafi kuma tuwo ne mai zafi, sannan 'yan dakon kasuwa da ake kira kayayei suna ɗauke da kalmar kaya a cikin sunansu. Hausa ta zama harshen zango, har ga waɗanda iyayensu Mosawa ne ko Zabarmawa ko Wangarawa. Ƙidayar 1960 ta nuna cewa mutum fiye da 800,000, wato kusan kashi 12 cikin ɗari na mazauna Ghana, asalinsu daga wata ƙasa ne. 'Yan Nijeriya a cikinsu sun kusa 190,000, kuma Yarbawa ne suka fi yawa.

A zamanin mulkin mallaka ba kasafai ake tambayar mutum takarda ba, domin hukuma leburori take nema. Samun 'yancin kai a 1957 ne ya kawo sabuwar tambaya: wane ne ɗan ƙasa? A cikin shekarar ce gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden zuwa Nijeriya, saboda suna jagorantar jam'iyyar Musulmi mai adawa da ita. Mutanen biyu sun dage cewa su 'yan Ghana ne, amma majalisa ta yi doka ta musamman da ta tsayar da shari'ar. Daga nan mutanen zango suka fahimci cewa daɗewa a wuri ba ta zama hujja ba.

Babbar girgizar ta zo ne bayan tattalin arziki ya tabarbare. Farashin koko ya faɗi ƙasa warwas a 1965, sojoji suka hamɓarar da Nkrumah a 1966, aka rage darajar sidi a 1967. Rashin aiki ya yi yawa, 'yan kasuwar gida suka fara kuka cewa baƙi sun mamaye rumfuna. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, makonni kaɗan da hawan Firayim Minista Kofi Busia, gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama wa'adin mako biyu ya samo ta ko ya fice. Mafi yawan baƙin ba su taɓa riƙe fasfo ba, ofisoshin jakadanci kuma ba su da ƙarfin ba dubban mutane takardu cikin kwana goma sha huɗu. Mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, suka cika manyan motoci. An ƙiyasta cewa wajen mutum 200,000 ne suka fita cikin 'yan watanni. A cikinsu akwai waɗanda aka haifa a Kumasi ko Accra, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. Nijeriyar da suka tarar kuwa tana ƙarshen yaƙin basasa.

Korar ba ta warkar da ciwon da aka yi ta dominsa ba. Gonakin koko sun rasa leburori, kasuwannin ƙauye sun rasa masu kai musu kaya, sojoji kuma suka kifar da Busia a Janairun 1972.

Sai reshe ya juya da mujiya. Kuɗin man fetur ya cika Nijeriya a shekarun 1970, Ghana kuma tana ƙara nutsewa. Malaman makaranta da magina da teloli da masu gyaran takalmi daga Ghana suka cika Legas da Ibadan da Kano. An kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, yarjejeniyarta ta 1979 kuma ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Sai dai damar shiga ce kawai, ba ta zama ko ta aiki ba, kuma mutane ƙalilan ne suka kula da wannan bambanci. Da farashin mai ya faɗi daga 1981, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980, wanda jagoransa Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, ya riga ya sa ana yi wa baƙi kallon barazana. Ga kuma zaɓe yana tafe.

Ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida a gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya sanar da cewa duk baƙon da ba shi da takardu ya bar ƙasar kafin ƙarshen wata. Wa'adin mako biyu ne, daidai da na Busia. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana, sauran kuma daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Gwamnatin Jerry Rawlings ta riga ta rufe iyakokin Ghana tun 1982, don haka dubban mutane suka maƙale a kan iyakoki da tashar Apapa kafin a buɗe hanya. Sun koma ƙasar da fari da gobarar daji suka cinye amfanin gonarta a wannan shekara. Jakar leda mai zanen murabba'i da suka zuba kayansu a ciki ita ce ake kira Ghana Must Go har yau. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake wata korar a 1985.

Idan aka jera abubuwan biyu, za a ga tafarki ɗaya suka bi. Lokacin wadata ana maraba da baƙo, ba a tambayarsa takarda, domin ƙarfinsa ake so. Idan abinci ya yi kaɗan, takardar da ba a taɓa nema ba ita ke zama sandar dukansa. Baƙo ba ya jefa ƙuri'a, saboda haka korarsa ba ta da tsada ga ɗan siyasa. Kuma a duka ƙasashen biyu, matsalar ta samo asali ne daga dogaro da haja ɗaya, koko a can, mai a nan, abin da tafiyar baƙi ba ta gyara ba.

Zango dai bai mutu ba. Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, jinin Hausawa ne, kuma a 2017 gwamnati ta kafa asusu na musamman domin raya unguwannin zango. Amma tsohuwar gardamar ba ta kwanta ba: dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe cinikin cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kan haka aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a Accra da Kumasi a 2019 da 2020. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sake ɗora alamar tambaya a kan matsayin 'yan ci-ranin da ke bin tsohuwar hanyar kudu. Wanda ke shirin tafiya neman aiki a wata ƙasa, ko Accra ce ko Jidda ko Tarabulus, yana da abin dubawa a 1969 da 1983: waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda suka daɗe har suka ɗauka ba za a taɓa tambayarsu takarda ba.