Tsibirin gudun babur da harshen da ya ƙi mutuwa

'Yan uwana 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, yau wani ɗan tarihi na kawo muku daga nesa. Tsakanin Ingila da Ailan akwai ƙaramin tsibiri mai suna Man, mutanensa ba su kai dubu ɗari ba. Yawancin masu jin sunansa ta hanyar tseren babur na TT suka san shi. A 1903 dokar Birtaniya ta ƙayyade gudun mota a mil 20 cikin awa, ga tsere a kan titi an hana. Sai majalisar tsibirin, Tynwald, ta yi tata dokar a 1904 ta ba da damar rufe tituna a yi tsere. A 1907 aka fara TT. Har yau akwai hanyoyin karkara a can da ba a sa musu iyakar gudu ba, kuma gasannin tseren babur a tsibirin sun ci rayuka fiye da 250.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, lokacin da babura ke ƙara gudu, harshen tsibirin, Gaelg, shi kuma yana ja da baya. Jiragen ruwa suna kawo 'yan yawon buɗe ido daga Ingila, aiki da kuɗi duk da Turanci ake samu, makaranta ma da Turanci. Iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu, don a ganinsu ba zai kawo musu ko kwabo ba. A 1948 masu bincike daga Ailan suka zo da na'ura suka naɗi muryoyin tsofaffin da suka rage. Ned Maddrell, wani masunci, shi ne na ƙarshe da ya taso da harshen tun yarinta, ya rasu a 1974.

To amma kafin rasuwarsa wasu matasa, irin su Brian Stowell, sun riga sun zauna da tsofaffin suna koyo. Matsalar da suka tarar ita ce, harshen ya iya maganar kifi da gona da coci, amma rayuwar yau fa? Idan ba za ka iya cewa direba ya rage gudu ba, ko motarka ta lalace, to harshen ya zama kayan gidan tarihi. Shi ya sa darussan zamani suke cike da hirar yau da kullum: gleashtan mota ce, tappee sauri ne, moal kuwa a hankali. Wallahi abin da ya ba ni dariya, karin maganar da aka fi sanin mutanen tsibirin da ita ita ce traa dy liooar, wato akwai lokaci, ba gaggawa. A ƙasar tseren babur!

A 2001 aka buɗe firamaren Bunscoill Ghaelgagh, inda ake koyar da komai da harshen. Da UNESCO ta sa shi cikin matattun harsuna a 2009, yaran makarantar suka rubuta mata wasiƙu da Gaelg, aka gyara matsayin zuwa wanda ke cikin mummunan haɗari. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum sama da 2,000 suna da wani sani na harshen.

Mu da muke taƙama da Hausa a ɗakunan kwananmu, ya kamata mu tuna ita ma haka take yi wa ƙananan harsunan Bauchi da Filato. Akwai abokanmu a nan da kakanninsu kaɗai ke jin yarensu, su kuwa Hausa suke hira da ita ko a cikin motar haya.