Adaka

adaka (sn., mc., jam. *adakoki*) babban akwati na katako ko na ƙarfe mai murfi da wurin kwaɗo, wanda ake adana tufafi da kayan ado a ciki. An aro kalmar daga harshen Tuwi na Asante, ta hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. *Misali: Hajiya ta buɗe adakarta ta fito da shaddar Sallah.*

A Williamsville da sauran unguwannin Adjame a Abijan, inda gida ɗaya kan ɗauki iyalai da yawa, kowa da ɗakinsa da ɗan falonsa, ba safai ake samun sito ba. Adaka ce siton. Cikinta kayan biki ke kwana daga shekara zuwa shekara: babbar rigar maigida, dardumar Idi, labulen Sallah, tutocin Maulidi da ƙananan fitilun ado.

Shirya ta yana da ka'ida. Mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a sama a naɗe da tsohon zane, wayar fitilu a nannaɗe a kwali don kada ta sarƙe. Babban abin tsoro shi ne laima. Wanda ya saba da bushewar iskar Kano ko Maraɗi yakan yi sakaci, sai ruwan watan Yuni ya wuce ya tarar shadda ta yi fumfuna. A Treichville, wata unguwar Abijan da ke bakin tafkin Ebriye, adakar ƙarfe har tsatsa take yi. Shi ya sa ake ɗora ta kan bulo, a zuba kafur, a riƙa shanya kayan idan rana ta buɗe.

*Dubi:* akwati, sanduƙi, fantimoti.