Asibitin Mayo: Gidan Likitocin Da Ya Ƙi Shiga Rabon Gado

Lokacin da Dokta William Worrall Mayo ya kwaso iyalinsa ya tare a Rochester ta jihar Minnesota a 1864, garin bai wuce 'yar kasuwar alkama a tsakiyar gonaki ba. Shi mutumin Ingila ne, an haife shi a Salford a 1819. Aikin da ya kawo shi ma na ɗan lokaci ne: duba lafiyar samarin da ake ɗiba soja a yaƙin basasar Amurka. Yaƙi ya ƙare, shi kuwa ya yi zamansa, yana zaga ƙauyuka a keken doki da jakar magani.

'Ya'yansa maza biyu, Will da aka haifa a 1861 da Charlie a 1865, sun tashi cikin sana'ar kamar yadda ɗan wanzami kan tashi riƙe da zabirar ubansa. Su ne share ɗakin duba marasa lafiya, su ne ɗaura doki, su ne miƙo kayan aiki idan ana tiyata a kan teburin gidan manomi. Will ya gama karatun likita a Jami'ar Michigan a 1883, Charlie ya gama nasa a Chicago a 1888, kuma kowannensu gida ya dawo.

A ranar 21 ga Agusta 1883 wata muguwar guguwa ta ratsa Rochester, ta kashe mutum fiye da 20, ta jikkata wasu da yawa. Garin ba shi da asibitin da za a kai su. Aka shimfiɗe su a wani zauren rawa, tsoho Mayo ya nemi taimakon sistocin Katolika na ɗariƙar Saint Francis, waɗanda malaman makaranta ne, ba su san jinya ba. Da ƙura ta lafa, shugabarsu Mother Alfred Moes ta zo masa da magana: su za su gina asibiti, shi da 'ya'yansa su riƙe aikin likita. Ya yi ta jan ƙafa, yana ganin garin ya yi ƙanƙanta. Ita ba ta janye ba. Sistocin suka yi shekaru suna tsimi da tanadi har suka tara kimanin dala 40,000, aka buɗe asibitin Saint Marys a ƙarshen Satumba 1889 da gado 27. Mayo ba Katolika ba ne, kuma a lokacin akwai masu ƙyamar Katolika a yankin da suka so a raba wannan tafiya. Bai saurare su ba.

Sa'ar Will da Charlie ita ce sun fara aiki daidai lokacin da dabarar Joseph Lister ta kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata ke samun karɓuwa. Suka rungume ta hannu biyu. Mutanen da ake yi wa aiki a Rochester suna tashi su koma gida da ƙafarsu, labari ya bazu, jirgin ƙasa ya riƙa sauke majinyata daga jihohi masu nisa. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan kan tafi wani gari ko wata ƙasa ya ga yadda manyan likitoci ke aiki, ɗaya ya tsare gida. Asusunsu na banki ma guda ne.

Da aiki ya fi ƙarfin gida, suka fara jawo bare. Augustus Stinchfield ya shigo a 1892. Amma wanda ya sauya fasalin wurin shi ne Henry Plummer, da ya zo a 1901. Kafin shi, kowane likita da nasa babban littafi yake rubuta bayanin majinyaci, wanda ya ga likita uku labarinsa ya warwatsu wuri uku. A 1907 Plummer ya kawo tsarin lamba ɗaya da fayil ɗaya ga kowane mutum, yana bin sa duk ɗakin da ya shiga. Yau abin kamar ba komai ba, amma shi ya sa likitoci da yawa suka iya taruwa a kan mutum ɗaya ba tare da wani ya ce wannan nawa ne ba.

A ganina, babban aikin 'yan'uwan nan ba da wuƙar tiyata suka yi shi ba. Mahaifinsu ya rasu a 1911. A 1915 suka ware dala miliyan ɗaya da rabi don horar da ƙwararrun likitoci tare da Jami'ar Minnesota. A 1919 kuma suka sa hannu suka miƙa gine-gine, kayan aiki da yawancin dukiyar ga wata ƙungiya da ba ta neman riba, abin da mu za mu kira wakafi. Daga nan kowane likita albashi yake karɓa, har su kansu, ko ya yi tiyata ɗaya ko ya yi goma. Duk wanda ya taɓa ganin asibitin kuɗi a garinsu ya koma shaguna shekara biyu bayan rasuwar mai shi, saboda magada sun ce a raba, ya san abin da 'yan'uwan suka toshe.

Charlie ya rasu a Mayun 1939, Will ya bi shi a Yuli. Babu abin da aka raba, domin babu abin rabawa. Ɗan Charlie, Charles W. Mayo, ya ci gaba da tiyata a can yana karɓar albashi kamar sauran. A 1950 ma'aikatan wurin biyu, Edward Kendall da Philip Hench, suka samu kyautar Nobel kan maganin cortisone. An buɗe reshe a Jacksonville ta Florida a 1986, da wani a Scottsdale ta Arizona a 1987, amma hedikwata tana nan Rochester, garin da yanzu mutanensa suka haura 100,000, kuma asibitin ne ya fi kowa ɗaukar ma'aikata a duk jihar Minnesota.