Wa Ke Gina Filin Ƙwallo, Wa Ke Riƙon Sa?

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da malamanmu masu girma, tun da aka taso da maganar gyaran filin makarantarmu kawunanmu suka rabu biyu. Wasu sun ce hakkin gwamnati ne, wasu sun ce a kai ƙoƙon bara gun masu hannu da shuni. Ni dai na ga ya kyautu mu waiwayi tarihi tukuna.

Manyan filayen wasa na Arewa da kuɗin hukuma aka gina su. Filin Ahmadu Bello na Kaduna aikin Gwamnatin Jihar Arewa ne a zamanin Sardauna, Allah Ya jiƙan sa. Sai dai na lura hukuma ta fi tunawa da irin waɗannan filaye in baƙi na tafe. An yi wa na Kaduna da na Kano kwalliya don gasar matasa ta duniya a 1999, aka sake don ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Da baƙi sun juya baya kuwa, sai ciyawa ta bushe.

To, 'yan kasuwa fa? Waɗanda suka yi zamani da ni ba su manta da Ranchers Bees ta Kaduna ba, ƙungiyar Alhaji Mukhtar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanatan Kaduna ta Tsakiya, mazaɓar da Birnin Gwari ke ciki. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka, 'yan Bizerte na Tunisiya suka doke ta da ƙyar. A 1989 ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma. Rediyo muke kewayewa muna sauraro kamar mu shige ciki! Amma daga bisani tauraruwarta ta dushe, kuma ban yi mamaki ba, don abin da ya rataya ga aljihun mutum ɗaya ba ya cika daɗewa.

A Abuja ma an gwada haɗa biyun. Gwamnatin Tarayya ta gina babban fili don wasannin Afirka na 2003, ya lalace, sai a 2020 Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sabunta ciyawarsa. A watan Maris na 2022 Ghana ta hana mu zuwa gasar cin kofin duniya a wannan fili, 'yan kallo suka fusata suka yi ɓarna. Bayan haka aka riƙa kai yawancin wasannin Super Eagles Uyo, filin da gwamnatin Akwa Ibom ta buɗe a 2014.

Namu filin na nan Birnin Gwari kuwa da gayya aka yi shi. Mu muka tuge kututture, muka yanke ciyawa da lauje, aka saro itacen raga daga daji, a lokacin da yaro ke shiga dajin nan ba fargaba. Ya rayu ne don kowace Asabar akwai ajin da ke sharar sa.

Saboda haka, ko daga Kaduna kuɗin ya zo, ko daga wani attajirinmu, ina roƙon kwamiti kada a aza bulo ko ɗaya sai an rubuta wanda zai riƙa biyan mai gadi da mai ban ruwa har shekara goma.